Minti Goma a Ruwan Jama'a

Idan kin taɓa hawa irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda ke tashi daga Galveston ko Miyami su zaga da mutane gaɓar Meksiko da tsibiran Karebiyan su dawo bayan mako guda, to kin ga allon. Yana nan kafe a bakin kowane wurin ninkaya a can saman jirgi, da jerin dokoki: ban da gudu, ban da tsalle da ka, ban da kwalba. Layi ɗaya ne a ciki yake ɓata wa iyaye rai. Yaron da ke sa famfas, ko wanda bai iya riƙe kashi da fitsari ba tukuna, ba zai shiga ruwan ba, ko da kuwa an sa masa famfas ɗin wanka.

Ga ki da ɗan wata ashirin a hannu. An karɓi kuɗin tikitinsa kamar na kowa, don yawancin manyan kamfanonin nan suna ɗaukar jariri tun yana wata 6. Yayyensa suna cikin ruwa suna ihu, shi kuma yana miƙa hannu yana tsala kuka kamar an yanka shi. Rana ta take. Ma'aikacin da ke gadin wurin ya juya baya. Minti goma kawai, wa zai sani? In ma ya waiwayo, ai sai ki zare famfas ɗin ki ce yaron ya iya faɗa.

Saboda aikina na jinya, kusan duk bazara sai wata daga cikin matanmu ta kawo mini wannan maganar, kuma na lura ba hukunci take nema ba, izini take nema. Tana so nas ta ce mata ba komai. Ni kuwa ba na iya cewa ba komai. Amma bakin nan nawa ba zai kuma ce dokar ba ta da aibi ba, don tana da shi, kuma za mu zo wurin.

Da farko dai, ba son ran kamfani ba ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana da wani shiri na duba tsaftar jiragen ruwa tun 1975. Duk jirgin da ke ɗaukar fasinja 13 ko fiye, yana zuwa ƙasashen waje kuma yana tsayawa a tashar Amurka, ana yi masa dirar ba-zata sau biyu a shekara. A duba kicin, a duba ruwan sha, a duba wuraren wanka, a ba shi maki cikin 100. Wanda ya samu ƙasa da 86 ya faɗi, kuma ana buga sakamakon kowa ya gani. A ƙa'idojin wannan shiri ne aka hana mai famfas shiga kowane ruwan wasa, sai wanda aka gina musamman don jarirai. Shi ya sa za ki ga wasu jiragen Royal Caribbean suna da ɗan wurin da suke kira Baby Splash Zone, jiragen Disney Dream da Disney Fantasy kuma suna da Nemo's Reef. Irin waɗannan wuraren ruwansu daban ne, bututunsu daban, ana tace shi akai-akai, ana kuma bi da shi ta wani haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Jirgin da bai gina irinsa ba, babu inda ɗanki zai jiƙa ƙafa.

To me ake tsoro haka? Ai akwai kulorin a ruwan, har warinsa ake ji daga nesa.

Bari in fara da warin. Wannan warin mai hawa ka, wanda ke sa idon yara ya yi ja, ba alamar tsafta ba ce. Kulorin ne da ya riga ya haɗu da fitsari da gumi da dattin jiki ya zama wani abu daban, kuma duk wanda ya tafi can ya rage wanda zai yi faɗa da cuta. Sannan famfas ɗin wanka, ki ɗauko ɗaya ki duba. An yi shi ne don kada ya sha ruwa ya kumbura, ke nan fitsari wucewa yake yi ta cikinsa kamar rariya. Kashi mai tauri yana iya tarewa na ɗan lokaci. Zawo kuwa, ko kashin jariri mai laushi, 'yan mintuna ne ya bi ta gefen cinya.

Kulorin yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma kowace da lokacinta. A ruwan da ke da miligiram 1 a kowace lita, ƙwayar E. coli mai sa zawon jini ba ta kai minti ɗaya. Ta ciwon hanta nau'in A tana ɗaukar kamar minti 16. Jiyadiya, kamar minti 45. Sai kuma uwar gayya, kiriftosforidiyam, wadda a asibiti muke taƙaitawa mu ce kirifto (ba kirifton nan da samarinmu ke saye a waya suna kwana ba barci ba). Ita tana da ɓawo mai tauri, tana iya yin fiye da kwana 10 a irin wannan ruwan tana nan da ranta. Zawo ɗaya na mai ɗauke da ita yana zubar da miliyoyinta, alhali 'yan ƙalilan ne mutum zai haɗiya ya kamu. Idan aka yi zawo a wurin ninkaya na gari, shawarar CDC ita ce a rufe, a ɗaga kulorin zuwa miligiram 20 a lita, a bar shi haka kusan awa 13. A shekarar 2007 cutar ta ɓarke a jihar Utah ta hanyar wuraren ninkaya, aka tabbatar da kusan mutum 1,900 sun kamu, har hukuma ta hana duk yaron da bai kai shekara 5 ba shiga wurin ninkaya na jama'a na wani lokaci. Jiha guda fa, a kan tudu, inda asibiti ke kusa.

A jirgi abin ya fi tsanani saboda dalilin da ba kowa ke lura da shi ba. Ruwa nauyi gare shi, kowace lita 1,000 tan guda ce, kuma wurin ninkayar yana can ƙololuwar jirgi, inda nauyi ke sa shi tangaɗi. Don haka ba a gina shi babba. Dubban mutane ne ke karɓa-karɓa a ɗan ruwan da bai kai na wani otal ɗin ba.

Mu da muka yi karatun allo da na littattafan farko, an koya mana cewa ana gane ruwan da ya ɓaci ta launi, ko ɗanɗano, ko ƙamshi. Wannan magana ce ta tsarki, kuma tana nan a matsayinta. Amma tambayar ko ruwa zai sa wani zawo tambaya ce daban. Kirifto ba ta sauya launi, ba ta sauya ɗanɗano, ba ta wari. Ruwan zai kasance garau, shuɗi shar, kina hango tayil ɗin ƙasansa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki wannan ƙaramar doka a matsayin babbar tambaya. Daga ranar da mutum ya haɗiyi kirifto zuwa ranar da cikinsa zai fara murɗawa, kwana 2 ne zuwa 10, galibi mako guda. Tafiyar kuma mako guda ce. Ke nan galibi wanda zai kamu daga ruwan ranar Talata, sai ya sauka, ya ja akwatinsa, ya hau jirgin sama ya koma Ohio ko Toronto kafin ya fara zarya banɗaki. Ba zai taɓa sanin daga ina ta zo ba. Zai ce abincin filin jirgi ne. Ke ma ba za ki taɓa sani ba. Kina gida kina tura hotuna wa dangi a Kano, shi yana can ana neman jijiyarsa a sa masa ƙarin ruwa.

Mu Hausawa muna da kunya, kuma muna da kara, amma ki lura, yawancinsu fuska suke bi. Ba za ki bar ɗanki ya yi kashi a tabarmar maƙwabciya ba, don za ki haɗa ido da ita gobe. In ya yi, ki wanke, ki ba da haƙuri, ta ce haba ai ɗa na kowa ne, magana ta mutu. Duk tsarinmu na ɗaukar alhaki da sauke shi a kan haka ya tsaya: ka san wanda ka ɓata wa, ka je ka same shi, ka ce ya yafe. To wanda ba ki san sunansa ba fa? Wanda bai ma san an yi masa laifi ba? Wa za ki je ki roƙa gafara? Sau da yawa zuciya tana ɗaukar rashin fuskar nan a matsayin sauƙi, kamar laifin da ba mai ƙara ba laifi ba ne. Ni a ganina nauyi yake ƙarawa, don haƙƙi ne da aka toshe hanyar biyansa tun kafin a ɗauke shi.

Kuma ba kowa ne a cikin ruwan nan yake da lafiyar da yake nunawa ba. Wannan ni aikina ya koya mini. Ga mai ƙoshin lafiya, kirifto zawo ne na mako ɗaya zuwa biyu, wahala ce amma tana wucewa. Ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko mai shan maganin kansa, ko mai ƙanjamau da ya yi nisa, tana iya ɗaukar watanni, tana iya kisa, kuma maganin da ake da shi bai cika yi musu aiki ba. Su wa kike tsammani ke hawa jiragen nan? Tsofaffi ne da yawa, da mutanen da iyalansu suka tara kuɗi suka kawo su don murnar an gama wata doguwar jinya. Matar nan mai ɗankwali a ka da ke zaune a gefen ruwa ta tsoma ƙafa, ba lallai ne ɗankwalin na ado ba ne.

Na san abin da za ki ce. Ɗana lafiyarsa lau, ya yi kashinsa da safe, na san lokacinsa. Kuma mai yiwuwa gaskiyarki ce. Mafi yawan lokuta, in kin tsoma shi minti goma kin fitar, babu abin da zai faru da kowa, ba zan yi miki ƙarya don in tsorata ki ba. Sai dai abu biyu. Yaro yana iya ɗauke da ƙwayar ba tare da alamar komai ba, kuma wanda ya yi zawo ya warke yana ci gaba da zubar da ita har makonni, shi ya sa ake cewa wanda aka tabbatar yana da ita ya yi mako 2 bayan zawon ya tsaya kafin ya shiga ruwa. Na biyu kuma, wannan maganar da kika faɗa, ita ce kowace uwa a jirgin za ta faɗa. Ba a taɓa yin uwar da ta tsoma ɗanta tana cewa yanzu zai ɓata ruwa ba. So hana ganin laifi. Dokar da za ta ce mai famfas ya shiga in uwarsa ta tabbata da shi, daidai take da babu doka. Ki tambayi kanki, 'yarki mai shekara shida da ke nutso tana haɗiyar ruwa, kina so lafiyarta ta rataya a kan tabbacin wata uwar da ba ki sani ba, wadda ita ma ta biya kuɗi, ita ma ɗanta ke kuka?

To amma bari mu yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Dokar nan dagi ce, ba allura ba ce. Ɗan shekara huɗu da ya daina famfas yana iya sakin abu a ruwa don wasa ya yi daɗi ya ƙi fita. Ƙaton da ya wuni yana shan giya a bakin ruwa, awa uku bai tashi zuwa banɗaki ba, kowa ya san inda yake zubarwa. Babbar mace da cikinta ya ɓaci jiya ta ɓoye don kada a killace ta a ɗaki, babu mai tare ta. Jaririnki ne kawai ake iya ganewa da ido, shi ya sa shi ake kamawa. Akwai rashin daidaito a nan, ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tunda ba a kama kowa ba, kada a kama kowa. Babban da ya yi, ya san abin da yake yi, laifinsa a wuyansa. Jariri ba shi da zaɓi, ba ya iya riƙewa ko ya so, don haka wani ne zai zaɓa masa, kuma ke ce wanin.

Wani ƙorafin da na fi ganin ƙarfinsa na kuɗi ne. Kamfani ya karɓi kuɗin jariri, tallarsa cike da hotunan yara a ruwa, amma maganar famfas sai an tona can cikin ƙananan rubutu. Wannan kam ba daidai ba ne, kuma wanda ya ji haushi yana da hujja. Sai dai haushin na kamfani ne. Tsohuwar da ke ninkaya kusa da ke ba ita ta ci kuɗinki ba.

Akwai kuma inda abin ya shafe mu mu kaɗai. Yaranmu da yawa suna riga na Turawa barin famfas. Duk gidan da kaka ta zo wankan jego ta daɗe, za ki tarar tun yaro yana 'yan watanni ana ɗora shi a kan ƙafa da safe, kafin ya shekara ya san fo. A nan kuwa ba abin mamaki ba ne ka ga ɗan shekara uku da famfas. Saboda haka uwa Bahausa tana iya cewa ɗanta mai wata goma sha takwas ya iya, kuma ba ƙarya take yi ba. Dokar ba ta faɗi shekaru ba, iyawa ta faɗa. To mene ne iyawa? Yaron da ke yi in an ɗora shi a lokacin da aka saba, uwarsa ce ta iya, ba shi ba. Wanda ya iya shi ne wanda zai ji, ya faɗa, ya riƙe har a kai shi, ko da yana tsakiyar wasa. Ga ma'aunin da nake ba mutane: ranar da kuka taso daga gida zuwa tashar jirgi, kin sa masa famfas saboda hanya? In kin sa, kin riga kin ba kanki amsa. Ki ƙara da cewa a jirgi abinci ya sauya, lokacin barci ya sauya, ga 'ya'yan itatuwa da askirim ba iyaka. Yaran da suka iya ma sukan koma baya a irin wannan yanayi.

Sai maganar da ba a cika faɗa a fili ba. Ke baƙar fata ce, wataƙila da hijabi da rigar wanka mai rufe jiki, kin riga kin ji idanu a kanki tun kafin ki iso bakin ruwa. Wani ya zo ya ce ki fitar da ɗanki. Dole zuciya ta raya miki cewa don ke ce. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san wannan zargin ba daga sama ya faɗo ba, kuma ba zan ce miki bai taɓa zama gaskiya ba. Ki duba ki gani. In akwai wani yaron da famfas a ruwa aka ƙyale shi, ki je teburin kula da fasinjoji ki faɗa, da lokaci da wuri, a rubuta. Amma ki san abin da kike nema: a fitar da wancan ne, ba a mayar da naki ba. Kuma ki dubi wanda ya yi miki maganar. Galibi ɗan Filifin ne ko Indonesiya ko Indiya, baƙo kamarki, ya bar nasa 'ya'yan watanni bai gan su ba. In aka yi ɓarna a ruwan, shi da abokan aikinsa za su kori mutane, su zubar, su goge, su sake cikawa, su sha zagin ɗaruruwan fasinjojin da aka rufe wa wurin wanka a ranar da jirgi ke tsakiyar teku ba inda za a je. In kuma mai duba ya zo ya tarar da mai famfas a ciki, shi za a tambaya. Mu da muke aikin da ake yi mana tsawa a kan dokar da ba mu muka kafa ba, ya kamata mu fi kowa gane shi.

Maigida, kai ma da kai nake. Sau da yawa uba ne ke cewa ke dai kawo shi, ni zan riƙe shi, ba abin da zai faru. Kuma wani lokacin har a ja babbar 'yar gefe a ce mata, in an tambaye ki ki ce ƙaninki ya daina sa famfas. Wannan ya fi tsoma yaron damuna. Yarinyar nan tana girma a ƙasar da kullum muke gaya mata ta riƙe gaskiya, ta riƙe tarbiyyar gida, kada ta biye wa abin da take gani a waje. Sai ga shi ranar farko da gaskiya ta zo da ɗan tsada, tsadar minti goma na wanka, iyayenta sun ce a sayar. Ba za ta manta ba, yara ba sa manta irin wannan. Ranar da ta kai goma sha biyar ta ce muku tana laburare alhali tana wani wurin, za ku yi ta mamakin inda ta koyo.

Abin da ya rage shi ne shiri, kuma kafin a biya kuɗi ake yin sa. Kada ki tambayi ko kamfani kaza yana barin jarirai, ki tambayi jirgin da za ku hau da sunansa, don kamfani ɗaya yana iya samun jirgi mai wurin jarirai da wanda babu. In an ce akwai, ki tambaya ko a buɗe yake a lokacin tafiyarku. In babu, wasu iyayen sukan tafi da ɗan bahon roba na hurawa su zuba masa ruwa kaɗan ya yi ta facal-facal, amma shi ma ki tambaya tukuna ko an yarda da shi da kuma inda za ki zubar da ruwan. Ranakun da jirgi ya tsaya a tasha akwai bakin teku, can ba mai hana shi. In kuma kun samu mai wurin jarirai, ki riƙa duba famfas ɗin kamar kowace awa, ki sauya shi a banɗaki ko teburin da aka tanada, ba a kan kujerar bakin ruwa ba, ki wanke hannunki da nasa da sabulu. Man goge hannu mai barasa ba ya kashe kirifto. In cikinsa ya ɓaci ko sau ɗaya ne, ko wurin jariran ma ya haƙura da shi, ki kai shi asibitin jirgin, ki tafi da 'yan fakitin gishiri da sukari tun daga gida, don ganin likita a can kuɗi ne mai yawa kuma ba kowace inshora ke biya ba.